PTA: Me Ya Sa Ba Ma Jin Ɗuriyarta Sai Ranar Karɓar Kuɗi?

 Waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba, ga shirin a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganarmu a kan ƙungiyar iyaye da malamai ce, wadda aka fi sani da PTA. Na san wani zai ce, "To ni da ko aure ban yi ba, ina ruwana da PTA?" Ɗan dakata tukuna. Idan kana da ƙani ko ƙanwa a makaranta, idan ke ce ake kira a waya ranar da aka koro yaro gida, to maganar ta shafe ku kai tsaye.

Idan aka ce PTA, me ke fara zuwa muku a rai? Yawancinmu kuɗi ne. 'Yar takardar nan da ake ba yaro a farkon zango: kuɗin PTA naira kaza, a biya kafin rana kaza. Uba ya karanta ya yi tsaki, ya biya in yana da shi, in babu yaro ya zauna a gida kwana biyu. Tambaye shi wane ne shugaban ƙungiyar, bai sani ba. Wane ne ma'aji, bai sani ba. Kuɗin bara me aka yi da su? Allah masani. Sunan ƙungiya ya koma sunan haraji.

Alhali ba haka abin ya faro ba. A watan Fabrairun 1897 wasu mata biyu, Alice McLellan Birney da Phoebe Apperson Hearst, suka kira taron iyaye mata a birnin Washington na Amurka, mutum sama da 2,000 suka halarta. Wannan taron ne ya rikiɗe ya zama PTA ta Amurka. Abin da ya tara su shi ne lafiyar yara da tarbiyyarsu da karatunsu. Har yau a makarantun can, babban aikin ƙungiyar shi ne shirya abin da zai haɗa iyalai: kasuwar littattafai, sayar da kayan ƙwalama da iyaye suka toya a gida, ranar wasanni. Ana tara kuɗi, amma a cikin haɗuwa ake tara su.

A nan Najeriya kuma akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa. PTA ta iyaye da malaman makarantar ce, tana da uwar ƙungiya ta ƙasa da ake kira NAPTAN. Akwai kuma kwamitin gudanar da makaranta, SBMC, wanda gwamnati ta shigo da shi makarantun firamare da ƙananan sakandare. Shi ya fi faɗi: akwai wakilin masarauta, da malaman addini, da mata, da masu sana'a, da tsofaffin ɗalibai, har da wakilan ɗaliban kansu. 'Yan uwanmu na Nijar ma suna da irin wannan rabon, akwai ƙungiyar iyaye APE, akwai kwamitin gudanarwa COGES.

Sai maganar doka, don a nan mutane da yawa ke rikicewa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko, 6 a firamare da 3 a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne a makarantun gwamnati. Dokar ta mayar da karɓar kuɗin makaranta a wannan matakin laifi, mai hukuncin tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata 3, ko duka biyun. Ta kuma ware wa hukumar UBEC aƙalla kashi 2 cikin 100 na dunƙulallen asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya, sai dai jiha ba ta karɓar kasonta na ayyuka sai ta ajiye nata rabin.

To me ya sa har yanzu ake karɓar kuɗin PTA? Saboda abin da ke rubuce daban, abin da hedimasta ke gani da safe daban. Babu alli, iska ta kwashe kwanon aji biyu, malamin lissafi ya yi ritaya ba a turo wani ba. Makarantu da yawa da kuɗin iyaye suke biyan mai gadi, da shi suke ɗaukar waɗanda ake kira malaman PTA. Saboda haka buƙatar gaskiya ce, ba ƙarya ake yi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake neman kuɗin. Da zarar an ce dole ne, kuma an kori yaron da bai biya ba, an yi amfani da sunan iyaye an hana ɗan talaka abin da doka ta ba shi.

Ga abin da nake so ku riƙe daga shirin yau: kuɗi amana suke bi, ita kuma amana sanayya take bi. Mutum ba ya sakin aljihunsa da daɗin rai ga wanda bai taɓa zama da shi ba. Shi ya sa taron zumunci na iyalai, wanda wasu ke gani kamar ɓata lokaci, shi ne harsashin komai. Zumunta a ƙafa take, in ji Bahaushe.

Kuma ba baƙon abu za a koya mana ba. Mu ne masu aikin gayya, mu ne masu adashi. Ku dubi gidan biki: akwai wadda ke zaune da littafi tana rubuta gudummawar kowa, wance turmin atamfa, wance naira dubu biyu, ba a mantawa ko bayan shekara biyar. Mutanen da suka iya wannan, a ce ba za su iya tara kuɗin benci ba? Sun iya. Ba a gayyace su yadda ya kamata ba ne kawai.

Wane irin taro nake nufi? Wanda ba ya cin kuɗi da yawa, kuma kowa zai ji nasa ne. Gasar wasanni ta gidaje, a saka tseren iyaye a ciki, ko ƙwallo tsakanin iyaye da malamai. Ranar al'adu, yara su yi langa da carafke da tatsuniya, kakanni su zama alƙalai. Kacici-kacici da muhawara a gaban iyaye. Buɗe-baki tare a watan azumi, kowane gida ya zo da kwanonsa. Idan makarantar ta haɗa Musulmi da Kirista, kamar yadda ake samu a Kaduna ko Jos ko Sabon Garin Kano, a zaɓi rana da tsarin da ba za su bar kowa a waje ba. Kuma taron farko, don Allah, kar a ambaci kuɗi ko sau ɗaya. Uba ya zo ya ga ajin da ɗansa ke zama a ƙasa, ya gaisa da malamin. Idonsa zai gaya masa abin da takarda goma ba za ta gaya masa ba.

Lokaci ma yana da muhimmanci. A ƙauye, kiran taro ranar kasuwa ko tsakiyar damina, kujeru kawai za ka yi wa jawabi. Lokacin kaka ya fi, kuma a karɓi hatsi, wanda ba shi da tsabar kuɗi yana da tiyar gero ko ta wake. A birni, a kauce wa gab da sallah da makon komawa makaranta, lokacin kowa na fama da kansa.

Sannan iyaye mata. Ku leƙa yawancin tarukan PTA namu, maza ne zalla, alhali uwa ce ta san dalilin da ya sa yarinya ba ta je makaranta ranar Laraba ba. A Nijar akwai ƙungiyoyin iyaye mata na makarantu da ake kira AME, a nan ma shirin UNICEF na ilimin 'ya'ya mata ya yi aiki da irinsu a jihohi kamar Katsina da Bauchi da Sakkwato da Zamfara. Idan zama wuri ɗaya da maza ne matsalar, a ware musu ɓangare, ko a yi musu nasu zaman da malamai mata, amma a tabbatar suna da kujera a shugabanci. Uwar adashin unguwa ta fi mutane da yawa iya riƙe littafin kuɗi.

To an san juna, yanzu sai gidauniya. Ka'ida ta farko, a ɗauki aiki guda ɗaya mai suna da farashi. "Ci gaban makaranta" ba aiki ba ne. "Benci 40" aiki ne. Bari in ba da misali na lissafi kawai. A ce kafinta ya ce kowane benci naira 25,000, ka ga miliyan ɗaya ke nan. In aka raba wa yara a matsayin dole, mai tuƙa adaidaita da ke da 'ya'ya huɗu a makarantar shi zai fi kowa biya, ya ninka attajirin da ke da ɗa ɗaya sau huɗu. Amma a gidauniya fa? Mutum 10 masu hali kowa ya ɗauki benci ɗaya, 250,000. Tsofaffin ɗalibai 100 kowa 3,000, an samu 300,000. Gida 200 kowa 1,000, ga 200,000. Cinikin abinci da zoɓo da iyaye mata suka yi a wurin taro, 100,000. Kafintan da 'yarsa ke aji huɗu ya yafe kuɗin aikinsa, a ce 150,000. An haɗa miliyan ɗaya, ba a kori yaro ko ɗaya ba.

Ka'ida ta biyu, kuɗi su shiga asusun banki mai sunan ƙungiyar, wanda sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu kafin a cire ko sisi. Ba asusun hedimasta ba, ba na shugaba ba, komai kirkinsu. Wannan ma kariya ce gare su daga zargi. Duk wanda ya bayar a ba shi rasit.

Ta uku, a raba alkawari da abin da ya shigo hannu. Kowa ya san yadda ake yi: babban baƙo ya karɓi lasifika ya ce ya ba da miliyan biyu, a yi tafi, shi ke nan an gama ganinsa. Washegari gari ya ɗauka an tara miliyoyi, bayan wata uku a fara cewa kwamiti ya cinye. Saboda haka a rubuta layi biyu, na alkawari daban, na tsaba daban, a manna a bangon makaranta, a tura a WhatsApp na iyaye cikin mako biyu.

Ta huɗu, kar shagalin ya cinye ribar. In kuɗin kanofi da kujeru da abincin manyan baƙi sun kai rabin abin da aka tara, biki kuka yi. A ari tabarmi, a zauna a inuwar bishiya.

Akwai kuma ɓangaren da na fi so a kula da shi, wato taimakon iyalan kansu. A ware wani kaso na duk abin da aka tara, ko ɗaya bisa goma ne, ya zama asusun tallafi: gidan da gobara ta kama, yaran da mahaifinsu ya rasu a tsakiyar zango, ɗalibar da kuɗin NECO ko WAEC zai hana ta zana jarrabawa, yaron da yunifom ɗinsa ya mutu. Amma a yi shi da sutura. Mutum uku amintattu su san sunayen, sauran iyaye su san adadin kawai: an taimaki yara 12, an kashe naira kaza. Jera marayu a gaban taro ana ɗaukarsu hoto don a saka a Facebook, wallahi cin mutunci ne, kuma yaro ba ya mantawa.

Wani zai ce, in iyaye suka yi komai, ai an sauke wa gwamnati nauyinta. Wannan magana ce mai ƙarfi, kuma dole a tsaya a kanta. Gina ajujuwa da ɗaukar malamai da biyansu haƙƙi ne a kan gwamnati, gidauniya ba ta maye gurbinsa. Sai dai ku duba, wa ya fi samun kunne a ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ko a SUBEB: hedimasta shi kaɗai da takardarsa, ko iyaye 50 da suka san juna, suka zo da hotunan rufin da ya yaye da rasit ɗin abin da suka riga suka yi da kansu? Iyayen da suka saba haɗuwa su ne ke iya matsa wa hukuma.

Mu matasa fa, ina wurinmu? Abin da ke wahalar da dattawan kwamiti, a wurinmu wasa ne. Haɗa sunaye da lambobin iyaye. Buɗe zauren WhatsApp da tura saƙon murya ga waɗanda ba sa karatun boko. Rubuta shiga da fitar kuɗi a tsare. Nemo tsofaffin ɗaliban da suka watsu a Abuja da Legas da ƙasashen waje. Alƙalancin ƙwallo ranar wasanni. In mahaifinku ba zai samu zuwa taro ba, nemi izininsa ki wakilce shi, ko ka wakilce shi. In an je kuma, a yi tambaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, nawa aka tara bara, kuma me aka yi da su?" Shugaba mai gaskiya zai ji daɗin wannan tambayar.

Aikin wannan makon guda ɗaya ne. Je makarantar da ƙanenka suke, ko wadda ka gama, ka tambayi yaushe ne taron PTA na gaba, kuma su wane ne shugabanninta. In aka ce an shekara biyu ba a zauna ba, to ka san inda za a fara.

A nan za mu dakata. Ku tura wa wanda kuka san yana cikin kwamitin wata makaranta. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya raya mana yaranmu, ya ba su ilimi mai amfani. Wassalamu alaikum.