Mene ne aikin fosdok da ake tallarsa a jami'o'i?

Watannin baya wani mutum ya shigo mana karar Akinyele a nan Ibadan da farar riga da akwatin ƙanƙara, wai yana so ya ɗebi jinin shanu. Baba ya ɗauka ɗan haraji ne, saura kaɗan ya kore shi. Da yake ni na ɗan taɓa sakandare, sai aka ce in je in ji da me ya zo. Ashe daga Jami'ar Ibadan yake, yana bincike kan sammore, cutar nan da ƙudan tsando ke sa wa dabbobi. A bakinsa na fara jin kalmar fosdok.

Ga yadda abin yake. Mutum ya gama digiri na uku, ya zama dakta, amma bai samu kujerar koyarwa ta dindindin ba. Sai wani farfesa da ya samo kuɗin bincike ya ɗauke shi kwantiragi, galibi shekara 1 zuwa 3. Kamar yaron da ya ƙware a fatauci ne, ya san saniya da ido, amma jarin na maigida ne. Albashi ake biyansa, ba ɗalibi ba ne. Ranar da kuɗin suka ƙare, aiki ya ƙare. Shi wannan bawan Allah yana da iyali, kuma saura masa wata takwas, ga shi har ya fara cike takardun neman wani wurin.

Aikin kuwa ba wasa. Shi zai zo kara da sassafe ya ɗebi jini, ya cire kaska, ya koma ɗakin gwaji. Shi zai shigar da sakamako a kwamfuta, ya duba ɗaliban maigidansa, ya taya rubuta takardar neman wasu kuɗin. Amma abin da aka fi auna shi da shi shi ne muƙalar da ya wallafa a mujallun masana. In babu ita, wahalar kara duk ta tafi a banza.

Ana sa tallar gurbin a shafin intanet na jami'a ko cibiyar bincike, irin IITA da ke nan Ibadan. Akwai na waje ma, kamar tallafin Georg Forster na gidauniyar Humboldt a Jamus. Za a nemi shaidar digiri, jerin muƙalu, da wasiƙun malaman da suka san ka. Wanda ya ce ka turo kuɗi ya sama maka gurbi, ɗan damfara ne.

Mu da ba mu yi nisa ba fa? Irin wannan binciken yana buƙatar tafinta da mai riƙe saniya. Kwana tara na yi ina fassara masa Hausa, ana biyana kullum. Baba dai ya kafa sharaɗi: duk saniyar da aka samu da cuta, a fara gaya masa. Biyu aka samu, muka yi musu allura kafin mu kai su kasuwa.