Jinyar Ƙaramin Yaro Mai Ciwon Daji a Lokacin Annoba

Ciwon daji, wanda ake kuma kira sankara ko kansa, yana kama yara da matasa kimanin 400,000 a kowace shekara a faɗin duniya, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta, kuma yayin da sama da kashi 80 cikin ɗari suke warkewa a ƙasashe masu arziki, a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi waɗanda suke warkewa ba su kai kashi 30 ba. Ire-iren da aka fi gani a wurin yara sun haɗa da sankarar jini, da ta ƙoda, da ta ido wadda takan fara da wani farin ƙyalli a tsakiyar ƙwayar ido, da kuma sankarar Burkitt, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, wadda ta fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Cikin manyan abubuwan da ke kawo giɓin warkewa tsakanin ƙasashen akwai jinkirin zuwa asibiti da kuma katse magani a tsakiya, kuma annoba tana ƙara tsananta su duka biyun.

An ga haka a fili a shekarar 2020, lokacin da korona ta sa aka kafa dokar kulle a Kano da wasu jihohi, aka kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohin Najeriya, alhali cibiyoyin da ke kula da sankarar yara kaɗan ne, irin su asibitocin koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda ya tattara bayanan yara masu ciwon daji da suka kamu da korona a ƙasashe 45, ya nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar ya sha jiki sosai, kimanin kashi 4 cikin ɗari sun rasu, sannan sama da rabin waɗanda suke kan magani a lokacin an jinkirta ko an sauya musu tsarin maganinsu. Annobar tana da haɗari ga irin waɗannan yara, amma sankarar da aka daina yi wa magani ta fi ta haɗari, domin takan dawo da ƙarfi, kuma sau da yawa ba ta ƙara jin maganin farko. Maganin sankarar jini mafi yawa a yara yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku, saboda haka faɗawar kumburi ko dawowar kuzarin yaro ba dalili ba ne na fasa komawa asibiti. Likita kaɗai ke da hurumin ɗaga ranar magani.

Kemoterafi, wato magungunan da ake bayarwa ta jijiya ko ta baki domin kashe ƙwayoyin sankara, yana rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, kuma yawansu yakan yi ƙasa matuƙa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan shan magani. A wannan tsakani, zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki lamari ne na gaggawa, ko da tsakar dare ne, ko da yaron yana wasa, domin ƙwayar cuta tana iya mamaye jininsa cikin 'yan sa'o'i. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba shi farasitamol a jira gari ya waye, ko a aika kyamis a sayo maganin maleriya, alhali farasitamol yana ɓoye zafin ne kawai. Abin da ya dace shi ne gidan ya mallaki ma'aunin zafi, a rubuta lambar wayar sashen yara a bangon katin asibiti, a kuma tanadi takardar likita wadda za a nuna wa jami'an tsaro a shingen hanya idan an hana fita.

Dubiya al'ada ce mai daraja, amma tana iya kawo wa yaron cuta, kuma hana ta yana da nauyi a bakin uwa, musamman idan masu zuwan dangin miji ne, don haka ya fi kyau uba ko wani dattijon gida ya ɗauki nauyin yin bayani, a mayar da gaisuwa ta waya, wanda ya zama dole ya shiga ɗakin kuma ya wanke hannu da sabulu ya sa takunkumi. Yaron da bai kai shekara biyu ba, ba a sa masa takunkumi, manyan da ke kewaye da shi ne za su sa. Korona ba ita kaɗai ce abin tsoro ba, tun da ƙyanda da ƙarambau da mashaƙo, wanda ya addabi Kano a 2023, duk suna iya kashe yaron da garkuwar jikinsa ta yi rauni. Ba a yi wa yaron da ke kan kemoterafi rigakafin da ke ɗauke da rayayyar ƙwayar cuta da aka raunana, kamar na ƙyanda da shawara da ɗigon shan inna, saboda haka idan masu rigakafi sun shigo gida sai a sanar da su halin da yake ciki, a kuma tuntuɓi likitansa game da ɗigon da za a yi wa ƙannensa da yayyensa, waɗanda rigakafinsu kariya ce gare shi. Ruwan shansa a tafasa shi, abincinsa ya zama dafaffe mai zafi, a guje wa nonon da ba a dafa ba da yankakkun 'ya'yan itatuwan talla, ya kwana cikin gidan sauro, kuma kada a haɗa masa jiƙe-jiƙe da maganin asibiti ba da sanin likita ba, domin wasu suna wahalar da hanta da ƙoda.

Ƙaramin yaro yakan ɗauki allura da zubewar gashi da hana shi fita a matsayin horo kan wani laifi, don haka yana buƙatar a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, cewa bai yi laifin komai ba, gashinsa zai sake tsirowa, kuma ciwon ba a ɗaukarsa, 'yan'uwansa masu lafiya suna iya wasa da shi. Dangi da maƙwabta da suke son taimakawa suna da hanyar da ta fi dubiya amfani, domin yaro mai shan kemoterafi yakan buƙaci ƙarin jini, jini kuwa yakan yi ƙaranci a asibitoci lokacin annoba. Duk mai ƙoshin lafiya daga cikinsu ya je ya ba da jini, ko ya ɗauki nauyin kuɗin motar zuwa asibiti, ko ya riƙe wa uwar sauran yaranta a ranar magani.