Daga Kalangu Zuwa Fiyano: Riba Da Asarar Waƙar Hausa

Duk wanda ya zauna da tsofaffin makaɗa a yau, kuka ɗaya zai ji: kiɗa ya bar hannu ya koma na'ura. A da mawaƙi ba ya tafiya shi kaɗai. Mamman Shata yana tafe da masu kalangu da 'yan amshi, Musa Ɗanƙwairo da ayarin kotso, Barmani Choge da matan da ke buga ƙwarya. Yaro yakan shekara da shekaru yana amshi kafin a sakar masa baki ya ja waƙa.

Abubuwa uku ne suka rushe wannan tsari. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage wa sarakuna iko da kuɗin shiga, har fada ta gaza riƙe makaɗanta da doki da riga da hatsi kamar da. Sai finafinan Kano, musamman bayan fitowar Sangaya, suka saba wa kunnen jama'a da kiɗan fiyano, inda mutum ɗaya a situdiyo yake yin aikin mutum goma. Daga bisani satar fasaha ta kashe kasuwar kaset da faifai, waƙa ta koma wayar hannu.

Ribar a bayyane take. Yau ba a tambayar ɗan gado ne ko ɗan haye. Matashin da ba shi da ubangida yana iya ɗora waƙarsa a YouTube da safe, kafin magariba a ji ta a Maraɗi da Kumasi.

Amma asarar ta fi zurfi. Tunda faifai ba ya ciyar da mai shi, mawaƙi ya koma dogaro da biki da 'yan siyasa, kuma ubangidan da zaɓe ke sauyawa ba ya haifar da waƙar da za ta daɗe. Uwa uba, makarantar amshi ta mutu, alhali a nan ake koyon azanci da kirari da tarihin gidaje.

Kalangu magana yake yi, yana kiran mutum da takensa, abin da fiyano bai iya ba. Masu wannan ilimi suna nan da ransu a garuruwanmu, amma tsufa ya cim musu. Wajibi ne mawaƙan zamani su shigo da su situdiyo, su biya su, su kuma zauna a gabansu su koya, tun kafin kalangun ya rasa mai rataya shi.