Filatifus: Dabbar da ke gwada haƙurin masu ɗaukar hoto a Ostireliya

Tun kafin gari ya waye, masu ɗaukar hoto kan taru a bakin kogin Broken da ke gandun dajin Eungella, a jihar Queensland ta ƙasar Ostireliya. Abin da suke dako shi ne filatifus, wata ƙaramar dabbar ruwa mai baki irin na agwagwa, da jiki mai gashi, da faffaɗan wutsiya. Tana yin ƙwai, amma kuma tana shayar da 'ya'yanta.

Lokacin da masanin dabbobi George Shaw ya duba fatarta a Landan a 1799, sai da ya yi zargin ko wani ne ya ɗinka bakin agwagwa a jikin wata dabba. Har yau ba a samun ta a daji sai a gabashin Ostireliya da tsibirin Tasmaniya.

Me ya sa hotonta ke da wuya?

Filatifus ta fi fitowa da asuba da kuma almuru, lokacin da haske ya yi ƙaranci. Tsawonta kusan rabin mita ne, kuma launinta ya saje da na ruwa. Takan nutse na kusan daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya tana neman abinci, ta taso na ɗan lokaci, ta sake komawa.

Shi ya sa ƙwararru ba dabbar suke fara nema ba, zoben da ruwa ke yi a inda ta taso suke kallo. A ƙarƙashin ruwa takan rufe idanu da kunnuwa da hanci, ta dogara da bakinta da ke jin motsin abin da take farauta. Wannan ne lokacin da mai kyamara zai matsa kusa. Da zarar ta taso, sai ya ƙame. Akan yi aiki da gilashin kyamara mai jawo nesa, a guji fitilar kyamara, a kuma nisanci ramukanta da ke gaɓar kogi. Taɓa ta ma haɗari ne, domin namijin yana da ƙaya mai dafi a ƙafafunsa na baya.

Hoton da ke zama hujja

Wahalar ganin dabbar ita ce ta sa ƙidaya ta ke da wuya, alhali fari da madatsun ruwa da sare itatuwan bakin kogi suna cinye mazauninta. Tarkon raga da ake jefawa a ruwa kuma yana shaƙe ta, saboda sai ta taso take numfashi. Jihar Victoria ta haramta wani nau'insa a 2019.

A 2021 jihar ta sanya filatifus cikin dabbobin da ke fuskantar barazana, kuma mai ɗaukar hoton namun daji Doug Gimesy yana cikin waɗanda suka jagoranci neman hakan. Akwai kuma manhajar platypusSPOT, inda jama'a ke tura hoto da wurin da suka ga dabbar.

Ta haka, ko hoton da bai fito sosai ba yana da amfani: yana nuna wa masu bincike cewa har yanzu akwai filatifus a wannan rafin, a wannan ranar.