Komawa Karatu Bayan Girma: Jami'ar Nesa a Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Duk wanda ya san ofishin ilimi na ƙaramar hukuma a arewacin Zamfara ya san irin wannan malami. Ya yi NCE a Kwalejin Ilimi ta Maru shekaru goma sha wani abu da suka wuce, ya koyar a firamare har ɗalibansa na farko sun yi aure, ga mata da 'ya'ya, ga gona, sannan ya zuba ido yaran da suka zo bayansa da digiri suna tsallake shi a matakin albashi. Akwai takwararsa malama da ta fito daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata da ke Gusau. Akwai ma'aikaciyar jinya a babban asibitin Shinkafi, da akawun da ya ɗauki HND a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Ƙaura Namoda, wadda ke yaye ɗalibai tun bayan kafa ta a 1983. Dukkansu suna son digiri, kuma babu wanda zai iya ajiye aikinsa da iyalinsa ya tafi Sakkwato ko Zariya ya zauna shekara uku ko huɗu a ɗakin kwanan ɗalibai.

Irin waɗannan mutane ne jami'o'in karatu daga nesa ke nema, su ma kuma suke neman jami'o'in.

Babbar cikinsu ita ce Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN. Gwamnatin Shehu Shagari ce ta kafa ta a 1983, gwamnatin soja ta Janar Buhari ta dakatar da ita a 1984, ta yi kwance har Obasanjo ya farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Shi kansa Obasanjo, bayan ya sauka daga mulki, ya shiga ya zama ɗalibinta, ya karɓi digirin digirgir a 2018 yana ɗan shekara tamanin. Daga 2016 zuwa 2021 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ne ya shugabance ta, abin da ya taimaka wajen sa sunanta ya shiga kunnuwan 'yan Arewa da dama. A yau tana da cibiyoyin karatu sama da 100 a faɗin ƙasar, ciki har da ta Gusau. Bayanta akwai Cibiyar Karatu daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello, sai kuma buɗaɗɗun jami'o'i masu zaman kansu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ba lasisi a 2023, irin su Miva a Abuja da Iconic a Sakkwato. Malaman makaranta kuwa sun daɗe da sanin Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, wadda ta ba dubbansu NCE ta karatun ƙarshen mako da na hutu.

Karatu ba tare da zama a gaban malami kullum ba abu ne mai asali a wannan ƙasa. A ƙarni na 19 Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma ƙauyuka su koyar da matan da ba za su iya barin gidajensu ba. Ma'aikatan zamanin Turawa da na farkon 'yancin kai ma da yawa ta gidan waya suka yi karatu, ana aiko musu darasi daga Ingila a ambulan. Abin da ya sauya shi ne yanzu darasin yana sauka a wayar hannu.

Dalilan da ke tura manya zuwa wannan hanya a ko'ina cikin Najeriya sanannu ne. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ya ci wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, alhali NOUN ba ta shiga yajin ba. Mai shekara arba'in ba shi da wata takwas na zubarwa. Sannan ba a buƙatar ya koma ya zauna jarrabawar share fagen shiga jami'a tare da 'ya'yan cikinsa. Da NCE ko difloma yakan fara daga aji biyu. Kuɗin ma ba a dunƙule ake biya ba, gwargwadon kwasa-kwasan da mutum ya yi wa rajista a zangon ne, wanda ya yi daidai da aljihun mai jiran albashin ƙarshen wata.

Amma a Ƙaura, Shinkafi da Zurmi akwai dalilin da ya fi waɗannan nauyi, shi ne hanya. Titin da ya tashi daga Gusau ya bi ta Ƙaura ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Shinkafi, ɗaya ya nufi Zurmi har Jibiya, ya shafe shekaru yana cikin hanyoyin da matafiya ke hawa da addu'a a baki. Ɗakin kwanan ɗalibai ma bai zama mafaka ba: a ranar 22 ga Satumba 2023 'yan bindiga suka shiga gidajen haya na ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida suka kwashi ɗalibai mata. Tun kafin nan an ga harin makarantar Jangebe a Fabrairu 2021, inda aka ɗebi 'yan mata 279. Magidancin da ya ga wannan, idan matarsa ta ce tana son ƙaro karatu, zai fi saurin amincewa idan ya ji a ɗakinta za ta yi shi. Nan ne babbar ribar wannan tsari take. Matan aure da zawarawa da karatunsu ya tsaya a difloma ko sakandare sun samu ƙofar da a da babu ita, a jihar da asibitoci da makarantun 'yan mata ke matuƙar buƙatar ma'aikata mata masu takarda.

Sai dai tallan da ke cewa "yi digiri daga gida" bai faɗi rabin labarin ba.

A NOUN, littattafan kwas kyauta ake sauke su daga shafin jami'ar, kuma wannan alheri ne babba, domin da zarar sun shiga waya ko an buga su a shagon hoto-kwafi, ko babu sabis za a karanta. Ayyukan gwaji da ake kira TMA, masu ɗauke da maki 30 cikin 100, a intanet ake amsa su, kuma suna da ranar rufewa. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, ga yadda abin yake kasancewa: a kai waya wurin mai caji da safe, a karɓo da la'asar, a jira dare ya raba lokacin da sabis ke ɗan sakin jiki, a buɗe shafin, a amsa tambayoyi bakwai cikin goma, sai layin ya ɗauke. Ragowar maki 70 kuwa na jarrabawar ƙarshen zango ne, kuma ita dole ɗalibi ya je cibiya da ƙafarsa, ya zauna gaban kwamfuta ko ya riƙe biro. Ga mafi yawan ɗaliban wannan yanki, hakan na nufin Gusau. Jadawalin jarrabawa ba ya la'akari da mutumin Moriki ko Jangeru. Takarda ɗaya yau, wata bayan kwana uku. Ko dai ya yi ta zirga-zirga a kan titin da ya guje wa tun farko, ko ya nemi masauki wurin ɗan'uwa a Tudun Wada ko Samaru ya bar aiki da iyali na makonni. Ga koyarwar gwaji ga masu karatun malanta, ga aikin asibiti ga masu jinya, ga kundin bincike da ke buƙatar mai dubawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayu 2023 kuɗin mota ya ninka, a Janairu 2025 kuma hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Wanda ya yi lissafin kuɗin makaranta kawai, zango na biyu zai nuna masa abin da ya manta.

Shi kansa sabis ɗin yana iya ɓacewa ɗungurungum. A ranar 3 ga Satumba 2021 aka katse layukan sadarwa a duk jihar Zamfara saboda aikin soja. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi sai wajen ƙarshen Nuwamba. Kusan wata uku ke nan, tsawon zangon karatu guda. A Afrilu 2024, a harin da aka kai fadar Sarkin Zurmi, maharan sun lalata kayan sadarwar MTN na garin. Jami'ar da tsarinta ya dogara kacokan ga darasin bidiyo kai tsaye ta dace da mazaunin Abuja ko Kano. Ga mazaunin Dauran, wadda ke ba da littafi a hannu ta fi ta amfani ko da shafinta bai kai na waccan kyau ba.

Akwai kuma kaɗaici, wanda ba a cika maganarsa ba. A duniya baki ɗaya, masu barin karatu a tsakiya sun fi yawa a tsarin nesa fiye da na zama a makaranta, har a Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila da aka kafa a 1969 da UNISA ta Afirka ta Kudu. Babu malamin da zai lura ba ka zo ba. Mutumin da ya bar aji shekara goma sha biyar, Turancinsa ya yi tsatsa, ya dawo daga aiki a gajiye ya tarar da yara, littafi mai shafi ɗari uku a ƙaramin gilashin waya yana iya karya masa gwiwa cikin mako biyu. Waɗanda suke kaiwa ƙarshe galibi su ne suka haɗa kansu uku ko biyar, suna zama a wani aji na firamare ranar Asabar, suna da zauren WhatsApp da ake tuna wa juna ranar rufe rajista.

Haɗarin da ya fi kowane tsada shi ne na takardar da ba ta da daraja. A ƙarshen Disamba 2023 jaridar Daily Nigerian ta wallafa binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har ya yi amfani da shi ya shiga bautar ƙasa. Ranar 2 ga Janairu 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, a watan Agusta kuma ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sama da mutum 22,000 ne ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu. Dillalan irin wannan takarda sun san abokin cinikinsu sarai: ma'aikaci mai sauri, wanda ke nesa da birni, wanda ba shi da wanda zai tambaya. Duk mai ce maka ka turo kuɗi a asusunsa na kansa, ba jarrabawa, ba zuwa ko'ina, takarda za ta iso cikin wata shida, yana sayar maka da abin da zai iya raba ka da aikin da kake da shi ranar da aka zo tantance ma'aikata.

Ko a tsakanin hukumomin gwamnati ma ana samun saɓani, kuma ɗalibi ne ke kwana a ciki. A 2023 hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE, ta sanar da shirin shekara ɗaya ta intanet da zai mayar da HND digiri ta hannun wasu jami'o'in waje. NUC ta fito fili ta ce ba ta amince da shi ba. Wannan ya shafi tsoffin ɗaliban kwalejin Ƙaura kai tsaye, domin su ne bambancin HND da digiri ya daɗe yana ci wa tuwo a ƙwarya. Ɗaliban shari'a na NOUN su ma sun shafe shekaru ana hana su shiga Makarantar Koyon Aikin Lauya bayan matsayar da aka ɗauka a 2015, sai daga baya aka buɗe musu wata hanya ta musamman. Gyaran dokar jami'ar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2018 ya ɗaga matsayinta zuwa na sauran jami'o'i. Batun bautar ƙasa kuwa, da ke damun matasa, bai cika shafar wanda ya haura shekara 30 ba, tunda doka ta riga ta ɗauke masa.

Saboda haka tambayoyin da ya kamata babba ya yi kafin ya biya ko kwabo ba su da yawa, amma kada ya tsallake ko ɗaya. Ya duba sunan jami'ar a jerin NUC, sannan ya tabbatar shi kansa kwas ɗin an amince da shi, domin ana iya amincewa da jami'a a ƙi wani sashenta. Ma'aikacin jinya ko malami ya ji ta bakin hukumar da ke ba da lasisin sana'arsa. Ma'aikacin gwamnati ya nemi izinin karatu a rubuce daga ma'aikatarsa tun kafin ya fara, don kada ya gama a ce ba a san da zamansa ba. Sai ya tambayi inda za a rubuta jarrabawa da kwana nawa za ta ɗauka, ya kuma ɗauki kwas kaɗan a zangon farko ya gwada ƙarfinsa. Digirin da aka gama a shekara shida da aikin mutum a hannunsa ya fi wanda aka ɗauko da zafi aka yar a shekara ta biyu.

Ragowar aikin na hukuma ne da na gari. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Nuwamba 2023, kuma malamin da zai cika azuzuwan da ake gyarawa shi ne wannan mai NCE ɗin da ke neman ƙarin ilimi. NOUN tana da tsarin cibiyoyin al'umma, inda gari ke samar da gini da kwamfutoci, jami'a ta kawo karatu da jarrabawa, kuma garuruwa da dama a wasu jihohi sun samu ta haka. Ƙaura Namoda tana da kwalejin tarayya, tana kuma mahaɗar titin Shinkafi da na Zurmi. Masarautun Ƙaura, Zurmi, Moriki da Shinkafi, da shugabannin ƙananan hukumominsu, da 'yan majalisar da ke wakiltar yankin, su haɗa kai su samar da zauren jarrabawa mai wutar sola da intanet mai ƙarfi kusa da mutanensu, su kuma nemi a tattara wa ɗaliban nesa takardunsu cikin 'yan kwanaki a jere.