Motar Kara a Gaban Kyamara: Amfanin Bin Abu Ɗaya da Hoto

Da zarar an gama yankan dawa a ƙauyukan da ke kewaye da Kafanchan, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba, sai yara su buɗe garejinsu. Kara ya bushe, ga shi zube a bakin gona ba mai tsaronsa. Yaro zai fere ɓawon da reza, ya yayyanka totuwar, ya soke wannan cikin wancan, kafin la'asar ya fito da tirela mai ƙafa goma ko akori-kura irin mai ɗaukar citta zuwa kasuwa. Wani da gwangwanin madara yake aiki, wani da waya da langa-langa, ya yanko tayoyi daga tsohon silifas, ya ɗaura dogon sitiyarin da zai riƙa tuƙawa a tsaye. A rugage kuwa, shanun laka ake ginawa, da tozo da ƙaho da komai. Ba a koyar da wannan a aji, ƙane ne yake ɗauka daga wajen wansa. Kuma ba a ajiyewa. Motar kara ba ta ganin damina: in ba a taka ta ba akuya za ta tauna, in akuya ta bari gara ta ƙarasa.

Tambayi magidancin da ya haura arba'in a Zonkwa ko Kwoi ko Kagoro, zai kwatanta maka motar da ya ƙera yana yaro har da inda ya liƙa madubi, amma da wuya ya nuna maka hotonta. A zamaninsa hoto na Sallah ne da Kirsimeti da biki, ana biya a situdiyo, ba wanda zai ɓata fim a kan kara. Yau wannan uzuri ya kau. Kyamara tana aljihun ɗan acaba da na mai sayar da doya, sai dai har yanzu fuskokinmu muke ta ɗauka, kayan da hannunmu ya yi kuma suna shuɗewa ba shaida.

Akwai wata hanyar koyon hoto da masu sha'awa a ƙasashe da dama suka daɗe suna bi: mutum ya zaɓi abu guda, 'yar tsana ko kofi ko kujera, ya yi ta ɗaukarsa na tsawon wata ko shekara, a wurare dabam-dabam da lokuta dabam-dabam. Wani Bature ɗan Ingila, Andrew Whyte, ya yi shekara cur yana ɗaukar ɗan mutum-mutumin Lego guda ɗaya da wayar iPhone, kullum hoto ɗaya, har aikin ya zagaya jaridun duniya. Tun kafin shi, a 1930, Edward Weston na Amurka ya zauna da tattasai yana ɗauka yana sakewa, sai da ya sa shi cikin mazurarin ƙarfe don haske ya zagaye shi, ya samu hoton da har yau ake nuna wa ɗaliban wannan fanni. Mu ma muna da namu. J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda aka haifa a 1930 a yankin da ya zama Jihar Edo, ya fara da ƙaramar kyamarar Brownie a 1950. Daga 1968 ya ɗauki kitson matan Nijeriya a matsayin aikin rayuwarsa, yawanci daga ƙeya yake ɗauka don kitson ne abin kallo, har ya tara hotuna kusan dubu kafin rasuwarsa a 2014. Kitso kwana nawa yake yi a kai? Amma saboda mutum ɗaya ya nace, salon da aka daina yi tun tuni yana nan ana gani.

Dalilin da ya sa wannan hanya take koyarwa a fili yake. Idan kullum sabon abu kake ɗauka, ba za ka san me ya gyara hoton jiya ya ɓata na yau ba. Idan kuwa motar ita ce dai ta jiya, to duk bambancin da ka gani daga haske ne, ko nisa, ko tsayin da ka riƙe wayar, ko abin da ke bayanta. Abu huɗu ke nan, kuma su ne kusan duka sana'ar.

Haske ya fi sauran ban sha'awa a wannan yanki. Kafanchan tana kimanin digiri 9 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka a tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta rana takan tsaya daidai tsakar ka da azahar, inuwar motar ta shige ƙarƙashinta, hoton ya fito ba armashi, sama ta ƙone da fari, ƙasa ta yi baƙi ƙirin. A Disamba rana takan karkata kudu, inuwar tsakar rana ta faɗi arewa. A Yuni sai ta karkata arewa, inuwar ta koma kudu. Wanda ya ajiye abu ɗaya a wuri ɗaya ya ɗauke shi kowane wata zai ga wannan da idonsa, darasin da littafin labarin ƙasa yake fama ya fahimtar da ɗalibi. Da hantsi da kuma bayan la'asar haske yana zuwa ta gefe, yana bin jikin kara yana fito da kowane zane da kowace mahaɗa. Lokacin ɗaukar abin da aka saƙa ko aka sassaƙa ke nan.

Hunturu yana da nasa hali. Ƙurar da iska take kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a Chadi, tana warwatsa hasken rana kafin ya iso ƙasa, sai inuwa ta yi laushi, launi ya koɗe, duwatsun Kagoro su ɓace cikin hazo. Masu situdiyo a manyan birane kuɗi suke kashewa don samun irin wannan haske mai laushi, mu kuwa wata biyu zuwa uku yake yi mana kyauta. Sai dai ƙurar takan kwanta a kan gilashin kyamara, kuma yawancin hotunan da suke fitowa dishi-dishi a wannan lokaci, goge gilashin da gefen riga kawai suke buƙata. Bayan ruwan sama kuma iska takan wanku, kore ya yi shar, jar ƙasar nan ta mayar da jan haske a cikin motar daga ƙasa. In gefe ɗaya ya yi duhu, farar takarda daga littafin rubutu da aka riƙe kusa da shi za ta mayar masa da haske. Fitilar kyamara kuwa a kashe ta, don tana daddale abu ta share masa inuwa.

Sai tsayin hannu, wanda shi ne sirrin da yake sa abin wasa ya yi kama da na gaske. Ido yana auna girman abu ne da inda layin sararin sama ya ratsa shi. In ka tsaya ka leƙo motar daga sama, ƙwaƙwalwa ta san ƙarama ce. In ka kwanta ka juya wayar kai a ƙasa, gilashinta ya kusa taɓa turɓaya, har layin ya ratsa ta daidai wurin zaman direba, sai ta tashi ta zama tirela. Gilashin waya mai faɗin gani ne, yana kumbura abin da ke kusa yana ƙanƙanta na nesa, kuma ƙanƙantar na'urar da ke karɓar haske a cikinta tana sa na kusa da na nesa su fito tare ba tare da ɗayan ya narke gaba ɗaya ba. Wannan riba ce ga mai son a ga motar kara a gaba, a kuma gane tsofaffin taragun tashar Kafanchan a bayanta, tashar da ta zama mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos tun wajen 1927, wadda ita ce ta raya garin. Kada a matsa fiye da faɗin tafin hannu, yawancin wayoyi ba sa iya daidaita gani a ƙasa da haka. Jawo hoto da yatsu biyu kuma, a ƙananan wayoyi, yanke gefe ne kawai da buɗa abin da ya rage. Gara ka matsa da ƙafarka.

Duk wannan koyon hannu ne. Abin da ya fi damuna shi ne abin da za a rubuta a ƙarƙashin hoton, kuma babu yankin da ya kamata ya san muhimmancin haka kamar kudancin Kaduna. A 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, cikin ƙaramar hukumar Jaba ta yau, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. A 1943 wani akawun ma'adinai a yankin Jema'a ya samu wani kan, ya kai shi gonarsa ta doya ya ɗora a kan mutum-mutumi, ya shekara yana tsare masa gona. Da kan ya isa hannun wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, a Jos, sai ya lura da kamanninsa da na farko, ya sa wa al'adar da ta ƙera su sunan Nok, daga baya ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Da yake ruwa ya riga ya kwashe waɗannan kawuna daga mazauninsu na asali ya zuba cikin tsakuwar kuza, an daɗe ana wahalar sanin shekarunsu. Masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus ƙarƙashin Peter Breunig, waɗanda suka fara aiki a 2005 suka kafa sansani a Janjala ta ƙaramar hukumar Kagarko, sun nuna cewa al'adar ta faro wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, gumakan kuma wajen 900. Amma akasarin wuraren da suka isa, masu haƙar sata sun riga su. Gumakan da aka fitar a shekarun 1990 suna gidajen masu kuɗi a Turai, har wasu suka bayyana a gidan tarihi na Louvre a Faransa a 2000, kyawawa ƙwarai, amma ba wanda zai iya cewa daga wane rami suka fito, ko me ke kwance kusa da su. Abin da za su gaya mana game da kakanninmu ya tafi tare da ƙasar da aka watsar.

Saboda irin wannan asara ne aka fito da ƙa'idar Object ID a 1997, wadda gidajen tarihi da 'yan sandan ƙasa da ƙasa suke amfani da ita. Matakinta na farko shi ne a ɗauki hoton abu tare da ma'auni a gefensa, sannan a rubuta da me aka yi shi, girmansa, alamominsa, wanda ya yi shi da lokacin. Mai ɗaukar motar kara zai iya bin wannan ba tare da kashe ko sisi ba. Cikin hotunansa ya sa ɗaya da rula ko kwalin ashana a gefe. Ya rubuta ranar, da unguwar, da shekarun yaron, da irin motar da ya kwaikwaya, da sunan abin a bakin mai shi, ko da Tyap ne ko Jju ko Hyam ko Fulatanci ko Hausa. Bayan shekara talatin, wannan 'yar rubutacciyar shaida ce za ta gaya wa mai bincike irin motocin da ke bin hanyar Kachia a zamaninmu, da lokacin da roba ta kori kara daga hannun yara. Togaciya ɗaya ce: wanda garmarsa ta tono abin yumɓu irin na Nok, ya ɗauki hoton a inda yake, ya sanar da dagaci da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, amma kada ya sa wurin a Facebook, don masu haƙar sata ma suna da waya.

Akwai kuma batun yadda duniya take ganinmu. Tun rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011, hotunan da suka fi fita daga wannan yanki na ƙonannun gidaje ne da jana'iza. Gaskiya ne, sun faru, kuma dole a adana su. Amma yaron Bajju da na Bahaushe da na Bafulatani duk da kara ɗaya suke ƙera mota, duk da silifas ɗaya suke yanka taya, kuma wannan ma gaskiya ce da ta cancanci shaida. Ɗan jarida daga Abuja ba zai zo dominta ba. Sai ɗan unguwa.

Ba dole sai abin wasa ba. Tulun kaka, turmin gidan, keken ɗinkin uwa, buhun citta tun daga gona har kan mota, ƙahon da ake busawa a bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, kowanne zai ɗauki shekara ana binsa. Sai dai kayan dodo da na wurin ibada ba a ɗaukarsu sai da izinin masu su. Haka ma yaro: a gaida iyayensa a nemi yardarsu, kuma sau da yawa hannayensa riƙe da motar sun isa, ba sai an nuna fuska ba. A kuma nisanci shingen sojoji da na 'yan sanda da kyamara.

Ajiya ita ce inda yawancinmu muke faɗuwa. Hoton da aka tura ta WhatsApp a yadda aka saba, manhajar tana matse shi ta kuma goge bayanan rana da na kyamara da ke ɓoye a cikinsa, sai in an tura shi a matsayin fayil. Waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, katin ajiya yana lalacewa. A zaɓi goma sha biyu mafi kyau, a wanke su a situdiyo, a liƙa a littafi, a rubuta bayani a ƙasan kowanne. Wanda yake son aikinsa ya wuce gida kuma, akwai rumbun Wikimedia Commons, inda gasar Wiki Loves Africa take tara hotunan nahiyar tun 2014, har ta ware shekarar 2019 ga wasanni. Wikipedia ta Hausa tana jan hotuna daga can, haka ma ta harshen Tyap da aka buɗe a 2022. Sai dai a san sharaɗin kafin a ɗora: kowa a duniya yana da damar amfani da hoton muddin ya ambaci sunan mai shi, kuma izinin da aka bayar ba ya janyuwa. Saboda haka hoton da ke nuna fuskar yaro ko ƙofar gidansu ya tsaya a littafin gida, na motar ita kaɗai shi za a tura.