Idan Ma'aikacin Ƙaramar Hukuma Ya Yi Laifi

Da yawa daga cikinmu 'yan makaranta, da albashin ƙaramar hukuma ake ciyar da mu, ake saya mana littattafai. Wani mahaifinsa malamin haraji ne, wani malamin asibiti, wani kuwa masinja. Saboda haka ranar da aka ce an ba uba takardar tuhuma a ofis, gida duka ne ke shiga zulumi. To amma ya kamata mu sani, takardar tuhuma ba kora ba ce, kuma doka ba ta yarda a hukunta ma'aikaci ba tare da an ji ta bakinsa ba.

A shekarar 1975 gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, da yawansu ba a ba su damar kare kansu ba. A 1976 aka yi gyaran da ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasa duka, maimakon En'e. A ƙarƙashin wannan tsari, jiha tana da hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Ita ke ɗauka da horon ma'aikatan da ke mataki na 07 zuwa sama. Na 06 zuwa ƙasa kuwa, kwamitin ƙaramar hukumarsu ke duba al'amarinsu.

Ga yadda abin yake tafiya. Idan laifin ƙarami ne, kamar yawan latti, sai a yi wa mutum faɗa da baki, in ya sake a rubuta masa gargaɗi. Idan babba ne, kamar cin kuɗin hukuma ko ƙaurace wa aiki, sai a ba shi takardar tuhuma mai bayyana laifin dalla-dalla, a sa masa lokacin ba da amsa a rubuce. In amsar ba ta gamsar ba, sai kwamiti ya zauna bincike. A nan yana da ikon ganin shaidar da aka kawo a kansa, ya kuma kawo tasa. Ana iya dakatar da shi da rabin albashi kafin a gama, in ya fita da gaskiya a biya shi ragowar. In laifi ya tabbata, hukuncin yakan zama tsayar da ƙarin albashi, ko rage muƙami, ko ritayar dole, ko kora.

Wanda ya ga an zalunce shi fa? Sai ya rubuta ƙara zuwa ga hukumar jiha ta hannun shugabansa na ofis, ya kuma sanar da ƙungiyarsu ta NULGE. Yana iya kai kuka Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, ba a biyan ko kwabo. Daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa kowa haƙƙin a saurare shi da adalci.

Abin da ke kayar da iyayenmu sau da yawa shi ne su ƙi amsa takarda don fushi ko tsoro, su tafi kamun ƙafa gidajen manya har wa'adi ya wuce. Rashin sani ya fi dare duhu. Shawarata ita ce a amsa cikin ladabi da wuri, a kuma ajiye kwafen kowace takarda. Mu da muke karatu, mu taimaka musu da rubutun in sun nema.

Allah ya kare iyayenmu daga sharrin ƙazafi, amin.